Corolla biyu a gida ɗaya: lamarin wani ma'aikaci a hanyar Kano zuwa Wudil

Kafin Mayun 2023: mutumin da motarsa

Mutumin da ake magana a kansa ma'aikaci ne, ya ɗan haura shekara arba'in, yana da mata da 'ya'ya huɗu. Gidansa na Kano ta wajen Hotoro, aikinsa kuma a Wudil, kusan kilomita 40 a kan hanyar Maiduguri. Zuwa da dawowa kwana biyar a mako, ga kai yara makaranta, ga cefane, ga gaishe da iyaye ranar Asabar, duk wata motarsa na cin abin da ya kai kilomita 2,000. Ofishinmu ɗaya da shi. Abin da zan kawo a nan, wani a gabana aka yi shi, wani kuma daga littafin da ya riƙa rubutu a ciki na kwafo, da izininsa.

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2005, irin wadda aka yi wa kasuwar Amurka: inji mai lita 1.8, giya otomatik mai hawa huɗu, tanki mai cin lita 50. A 2014 ya saye ta a hannun wani ɗan uwansa. Rana ta cinye fentin rufinta, kujerar direba ta lotsa, gilashin baya na hagu sai an taimaka masa da hannu kafin ya hau. Amma cikin shekara tara ba ta taɓa kwana a hanya ba.

Mai duba ta wani dattijon makanike ne da kowa ke ce wa Baba. A kan Fijo 504 ya koyi aiki, zamanin da ake haɗa ta a Kaduna, kuma shi ya riƙe motar mahaifin mutumin har ta tsufa. Wata rana a 2015 Corollar ta ɗauki zafi a cunkoso, Baba ya kwance bututun lagireto ya zaro tamostat, wato abin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, ya jefa cikin tarkace, ya ce wannan abu na ƙasar ƙanƙara ne. Ya kira rewaya ya haɗa fanka kai tsaye, da an murɗa makulli take fara juyawa. Baƙin mai kuwa 20W-50 yake zubawa, mai kauri, kamar yadda yake zuba wa kowace mota da ta shigo garejinsa. Fitilar nan mai ruwan ɗorawa da makanikai ke kira cek, mai nuna akwai matsala a inji, ta kama wajen 2018. Da yake motar na tafiyarta, sai aka liƙa wa fitilar baƙin salatif don kada ta dami ido da daddare.

Mai motar bai taɓa sanin lita nawa take sha ba. Da naira yake magana a gidan mai: na dubu biyar, na dubu goma. A ƙarshen wata abin kan tasam ma naira dubu 45, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba a gidajen man NNPC.

Yuni zuwa Satumba 2023: mai ya tashi

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabin rantsuwarsa cewa tallafin mai ya tafi. Kafin mako ya zagayo lita ta haura naira 500, a Yuli ta wuce 600. Kuɗin man mutumin ya tashi daga dubu 45 zuwa sama da dubu 120, daga baya ya doshi dubu 140. Albashi yana nan inda yake.

Ya fara da abin da kowa ya fara da shi. Ya kashe esi, muna tafiya gilashi a sauke, ƙurar hanya na shigo mana. In ya hango tudun rage gudu sai ya jefa giya a furi tun daga nesa. Ya sayi wasu ƙwayoyi da ake jefawa a tanki, waɗanda mai tallansu ya rantse suna rage shan mai da rabi. Baba ya yi wankin nozul, ya sauya fulogi huɗu. Bayan kowane gyara mai motar kan ce kamar dai ta rage, kwana uku kuma ya ce ta koma. Ba shi da ma'auni in ban da allurar tanki, ita kuwa allura tana saurin faɗuwa a wani wuri, ta yi nawa a wani wuri.

Ya yi tunanin mayar da ita mai gas, ya duba bai ga inda zai riƙa sha a kan hanyarsa ba, ya fasa. Ya ajiye ta mako biyu ya bi motar haya. Kuɗin mota ma ya ninka, ya makara sau uku, yara kuma sai an ɗaukar musu adaidaita sahu.

A Satumba wani abokin aiki ya rage masa hanya a Corolla ta baya-bayan nan, ya nuna masa wata lamba a dashbod da ke faɗin mil nawa motar ke ci da galan ɗaya. Daga ranar maganarsa ta zama ɗaya: tsufa ne ya sa tasa shan mai. Da ya faɗa wa Baba, dattijon ya goge hannu da tsumma ya ce, “Alhaji, da tsohuwar zuma ake magani.” Ya ce, “Baba, zumar nan ta fi ƙarfin aljihuna.”

Oktoba 2023: sayen sabuwa

Tun ranar 14 ga Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kuma zuwa ƙarshen Satumba dala ta taɓa naira dubu ɗaya a kasuwar bayan fage. Duk dillalin da ya je wurinsa abu ɗaya yake faɗa: yau ta fi gobe sauƙi. A wannan kam ba su yi ƙarya ba.

Ya sayar da wani fili da ya daɗe yana ajiyewa don gini, ya ci bashin ƙungiyar ma'aikata na wata 24, ya sayi Corolla ƙirar 2015, 'yar tokumbo, fara sol, ba a taɓa sa mata lambar Najeriya ba. Maleji ya nuna mil dubu 78.

Tare da Baba ya je dubawa. Baba ya saurari inji, ya zaro sandar baƙin mai ya murza tsakanin yatsu, ya tara hannu a bakin salansa, ya ƙwanƙwasa bodi nan da can. Ya nemi sandar auna man giya bai gani ba, ya yi tsaki ya ce Turawa sun fara rowa. Aka duba takardun kwastan, suna nan daidai. Ba a ɗora ta a kwamfuta ba, ba a kuma binciki lambar bodinta ba.

A takarda, motocin biyu 'yan gida ɗaya ne da shekara goma a tsakaninsu. Girman inji ɗaya, lita 1.8, ƙarfin tsohuwa wajen doki 130, na sabuwa 132, tanki duka lita 50. Bambancin yana wani wuri. Sabuwar ta fi tsawo tsakanin tayar gaba da ta baya da santimita 10, don haka bayanta ya fi yalwa. Tana da jakar iska takwas, tsohuwa biyu. Tana da birkin ABS, wanda ba ya barin taya ta ja, da na'urar hana mota zamewa a kwana, wadda dokar Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci tun daga ƙirar 2012. Tasa tsohuwar ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan biyun. Giyarta kuma ba irin wadda aka saba ba ce. CVT ake ce mata: babu hawa ɗaya, biyu, uku, sai wani bel na ƙarfe da ke gudu tsakanin faifai biyu masu buɗewa da tsukewa.

Tsohuwar bai sayar ba. Tayin da aka yi mata ya ɓata masa rai, uwargida kuma ta ce a bar ta don kai yara makaranta.

Nuwamba 2023 zuwa Janairu 2024: an fara rubutu

Littafin uwargida ce sanadinsa. Da aka cire kason farko na bashi daga albashi, ta ce, “Malam, kai ka ce wannan za ta rage mana kuɗin mai. Ina ragin yake? Ni dai cefane na ga ya ragu.”

Ya sayi littafi mai fallaye arba'in ya ajiye a akwatin gaba. Tsarinsa mai sauƙi ne: gidan mai ɗaya, famfo ɗaya, a cika tanki har bakin famfo ya ƙyasta da kansa, a rubuta maleji. In ya dawo cikawa, litar da ta shiga ita ce wadda motar ta sha. Makon farko lissafi ya rikice masa don ya manta malejin motar Amurka da mil yake ƙirga, sai an ninka da 1.6 kafin ya zama kilomita. Da ya gyara, ciko shida a jere suka ba shi lita 7.6 a kowace kilomita 100, da esi a kunne. Wato lita 152 a wata, kuɗinsu ƙasa da naira dubu 100 kaɗan. Ragi ya samu, amma abin da ake cirewa na bashi ya fi ragin yawa nesa ba kusa ba.

A Disamba fitilar gaba ta hagu ta mutu. A tsohuwa wannan aikin minti biyar ne, a zare ƙwai a sa wani. Rewaya ya leƙa ya ce wannan ba ta da ƙwan da ake zarewa, LED ce haɗe da gidanta, sai dai a sayi fitilar sukutum. Ya samo ta hannu a Ƙofar Ruwa. Wajen ɗaurawa aka ga ƙarfen da fitilar ke zama a kai an taɓa yi masa walda an fesa fenti. Ba wanda ya tsaya a kan wannan.

Fabrairu 2024: sabis a garejin Baba

Lokacin juye ya yi, ya kai ta inda ya saba. A kan marfin zuba baƙin mai an rubuta 0W-20 ƙuru-ƙuru, wato mai marar kauri. Baba ya zuba 20W-50. Sannan ya shiga ƙarƙashi ya kwance notin man giya, ya ga man ya yi duhu, ya ce wannan ya mutu. Ya tsiyaye shi, ya nemo wata kafa a gefen giyabos ya ɗura jan man otomatik na yau da kullum, irin Dexron, ya ƙiyasta adadin da ido.

Giyar CVT da kamun mai take aiki. Bel ɗin ƙarfe ba haƙori gare shi ba. Matsi da irin santsin man ne ke hana shi zamewa a kan faifan, shi ya sa take da nata man na daban. Cikarta ma ba da ido ake aunawa ba, sai man ya kai wani takamaiman zafi, a buɗe kafar ambaliya a ga yadda yake ɗiga.

Kwana goma bayan sabis ta fara karkarwa in za ta tashi daga tsaye. Sai wani kuka siriri kamar na injin markaɗe daga nesa. Sai ya zama in ya taka totur inji ya yi ihu, mota ba ta ƙara gudu. Baba ya ce ƙila man bai isa ba, ya ƙara. Ranar wata Juma'a, ranar kasuwar Wudil, muna tsakiyar manyan motocin shanu kusa da gada, ta ƙi ja gaba ɗaya. Yaran kasuwa ne suka tura mu gefe. Da igiya aka dawo da ita Kano.

Baba ya sake juye man, ya wanke faranti, ba ta canja ba. Aka kai ta wurin wani matashi mai aiki da kwamfuta, wanda ke haɗa gwiwa da mai gyaran giya. Da suka sauke farantin ƙasa, maganaɗisun da ke ciki sun yi gashi da garin ƙarfe, fuskar faifan ta karce. Suka ce ba ta gyaruwa a nan, sai dai a sayo wata giyabos ta hannu daga Ladipo a Legas. A wannan watan dala ta haura naira 1,500. Kuɗin da aka faɗa masa ya kusa albashinsa na wata uku. Motar ta zauna a rumfa an lulluɓe ta, yana tara kuɗi.

Maris da Afrilu 2024: tsohuwa a kan kwamfuta

Ya koma tsohuwa, ya koma da littafinsa. Wannan ne karon farko da aka auna ta: ciko huɗu, lita 11.5 a kilomita 100. Lita 230 a wata, ta fi sabuwa da lita 78. Ya nuna mini shafin yana cewa ai ga shi nan, ko ba komai bai yi kuskuren sayen sabuwa ba.

Ranar da ya je biyan kafin alƙalamin giyabos, a tsohuwa ya je. Matashin ya hango salatif a dashbod ya tambaya. Ya ɓare shi, ya durƙusa ya cusa na'urarsa a wata kafa ƙarƙashin sitiyari. Duk motar da aka yi wa Amurka daga 1996 tana da wannan kafa. Mai motar ya yi shekara goma da ita bai san tana nan ba. Lambobi suka fito. P0128, wato inji ba ya kai wa zafin da ya kamata. P0171, wato iska ta fi mai yawa a haɗin da ke shiga inji. Da wata ta uku da ke nuna sansar da ke jikin salansa ta daina aiki. Suka zaga titi na'urar na haɗe: zafin ruwa bai wuce digiri 65 ba, alhali tamostat ɗin wannan inji sai wajen digiri 82 yake buɗewa.

Matashin ya ce, “Yallaɓai, motar nan a tunaninta kullum asuba ce.” Birenbos ɗin mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, in ya ga inji da sanyi ƙara masa mai yake yi har ya ɗumama. Wannan kuwa an hana shi ɗumama tun 2015. Ya kuma ce masa jefa giya a furi ba ta rage komai, don motar nozul in ka ɗaga ƙafa tana cikin giya, ita da kanta take yanke mai. A furi kuwa dole inji ya ci gaba da sha don kada ya mutu.

Mai motar ya ce a yi gyaran ɗaya bayan ɗaya, yana so ya ga abin da kowanne zai kawo.

Na farko, aka wanke lagireto, wanda laka da tsatsar ruwan rijiya suka toshe rabinsa. Ashe abin da ya sa ta zafi tun farko ke nan. Aka mayar da tamostat, aka mayar da fanka kan tsarinta na asali, aka zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya. Baba da ya ji labari ya aiko cewa a watan Afrilu, a Kano, za su ƙona inji. Mai motar ya yi mako guda idonsa na kan allurar zafi. Ta hau tsakiya ta tsaya cak, ko a cunkoso. Littafi ya nuna lita 10.1.

Na biyu, aka fesa wa sansar iska da ke bayan filta maganin wanki. Wayarta siririya ƙurar hunturu ta yi mata riga. Aka sa sabon filta, aka canja gasket ɗin bakin inji da ya bushe yana shigar da iska ta ɓarauniyar hanya. Lita 9.2.

Na uku, sabuwar sansar salansa, baƙin mai 5W-30 kamar yadda aka rubuta mata, da iskar taya daidai da lambar da ke liƙe a jikin ƙofar direba. Tayoyin baya sun yi ƙasa sosai, don ma'aunin mai facin unguwa ya daɗe da lalacewa. Ciko biyar a jere: lita 8.4. Fitilar cek ta mutu da kanta. Abu ɗaya ya biyo baya: da mai marar kauri injin na ɗan rage shi, sai an ƙara wajen rabin lita tsakanin juye da juye.

Duka gyaran ukun ya ci kusan kuɗin man wata ɗaya.

Mayu 2024: lambar bodi

Giyabos ta iso, aka ɗaura, aka zuba nata man, aka juye baƙin mai aka koma 0W-20. Kafin ya miƙa makulli matashin ya ce mai motar ya zauna ya murɗa, ya ƙirga fitilun da ke kamawa. Akwai wata ja, mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa, da ya kamata ta kama 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. A wannan motar ba ta kamawa ko kaɗan.

Suka kwafi lambar bodi daga ƙasan gilashin gaba, haruffa da lambobi 17, suka saka a intanet. Hotunanta suka fito a filin gwanjon motocin hatsari a Amurka: gaban hagu a murƙushe, jakar iskar sitiyari a fashe tana lilo, maleji mil dubu 141. Aka kwance marfin sitiyari, ciki wayam, sai wata 'yar ƙaramar waya da aka maƙala don birenbos ya ɗauka komai na nan. Bel ɗin kujerun gaba ma na'urar da ke fizgo su lokacin karo ta riga ta tashi. Watanni ya yi yana tafe da iyalinsa a haka.

Ya koma wurin dillalin. Dillalin ya ce shi ma haka ya saye ta a Legas, ya kuma tuna masa da makanikensa ya zo, ya duba, ya ce ya yarda. Maganar ba ta wuce nan ba. Cikin wata biyu ya sayi jakunkunan iska da bel na hannu daga wata mota irinta da aka yanka, aka ɗaura, aka mayar da fitilar. Yanzu tana kamawa ta mutu.

Yuni zuwa Nuwamba 2024: kafaɗa da kafaɗa

Daga nan ya riƙa hawansu mako-mako, hanya ɗaya, direba ɗaya, gidan mai ɗaya. Sabuwa ta tsaya a kan lita 7.6, tsohuwa a kan 8.4. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, wadda ke gwada shan man motoci, ta ba ƙirar 2005 mai otomatik kimanin lita 8, ta ba ƙirar 2015 mai CVT kimanin lita 7 da rabi, don haka littafin bai yi nisa da takarda ba. A wata, tsohuwa lita 168, sabuwa 152. Tazara lita 16.

A watannin shida tsohuwa ta shiga gareji sau biyar: shoka biyu na gaba, robar da inji ke zama a kai, bututun man sitiyari da ke ɗiga, boris, da esi da ta daina sanyi. Kowanne an gama shi a yini, ɗaya ma a Wudil aka samu kayan a shagon bakin titi. Sabuwa sau biyu ta je, duka juyen mai ne. Sai dai manta ya fi tsada, jabunsa kuma ya yi yawa, dole ya riƙa saye a wuri ɗaya da ya amince da shi.

Sauran bambancin jiki ne ke faɗa. Sabuwa ba ta da hayaniya, mutum uku manya na zama a baya gwiwa ba ta taɓa kujera, kuma da damina in aka taka birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta tana tsayawa a miƙe. Tsohuwa kan ja taya. Ita kuma tsohuwa ba ta tsoron rami, ba ta tsoron yaron makanike, kuma mai ita ba ya waiwaye in ya ajiye ta a kasuwa.

A Satumba lita ta doshi naira 900, a Oktoba ta haura dubu. A lokacin ne mu huɗu da ke zaune ta wajen Hotoro muka haɗu a mota ɗaya, kowa ya riƙa ba da kasonsa na mai ranar Litinin. Kuɗin man zuwa aiki da ke fita daga aljihunsa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Disamba 2024: abin da ya yanke

Riƙe mota biyu ya gagara: takardu biyu, inshora biyu, taya takwas, ga bashi da sauran wata goma. Ya fara sa sabuwar a kasuwa. Saboda faɗuwar naira, tayin farko ya haura abin da ya saye ta. Amma duk wanda ya zo sai ya nuna masa hotunan gwanjon ya faɗa masa ainihin malejin, tayin sai ya sauko. Da ya haɗa kuɗin giyabos da jakunkunan iska, ya ga in ya sayar a haka ya yi asara, kuma kuɗin ba za su dawo da filin ba, don shi ma filin ya tashi.

Ya janye ta daga kasuwa, ya sayar da tsohuwar. Ni na saye ta.

Hukunci

Tun da ni ne na ƙare da tsohuwar, mai karatu na da damar ya rage wani abu daga maganata. Lissafin dai na littafinsa ne.

Cikin lita 78 da ya ɗauka tsufa ne ke cinyewa duk wata, 62 ciwo ne, 16 kaɗai shekaru. A kan naira dubu ɗaya kowace lita, 16 ɗin nan naira dubu 192 ne a shekara. Kowace miliyan ɗaya da ya zuba a sabuwar sai ta yi sama da shekara biyar kafin ragin mai ya dawo da ita, shi kuwa miliyoyi ya zuba. In matsalar mai ce ta kai shi sayen mota, to sayen bai warware ta ba. Tamostat, sansa biyu, gasket da abokan tafiya uku ne suka warware ta, kuma duk suna nan a Yunin 2023, da ya ɓare salatif ɗin nan ya fara rubutu kafin ya sayar da fili. Matakansa na farko sun faɗi ne don ba a san ciwon ba, kuma babu ma'aunin da zai nuna ko magani ya ci.

Giyabos ɗin ba zan ɗora wa Baba ita duka ba. Man da ya zuba ba nata ba ne, wannan ba gardama. Amma giya ce da ta riga ta ci mil dubu 141 da ƙari, ba 78 ba, kuma ba wanda ya san ko an taɓa juye ta. Shi ya tura, amma ta riga ta kai bakin rami. Laifin da ya fi girma a ganina na ranar saye ne: an kai kunne da hannu wurin da ake buƙatar na'ura da lamba 17, binciken da bai kai kuɗin cika tanki ɗaya ba.

Riƙe sabuwar kuwa ina ganin daidai ya yi, amma da dalilin da ba shi ya kai shi saye ba. Mutumin da ke bin hanyar Maiduguri kullum cikin tireloli, yana ɗaukar 'ya'ya huɗu, jakar iska takwas da birkin da ba ya ja abu ne da ya cancanci a biya. Sai dai fifikon nan bai same shi ba sai a Yulin 2024, bayan ya biya sau biyu. Kafin nan, a karo na gaba-da-gaba, direban sabuwar ba shi da ko jakar da ke cikin sitiyarin tsohuwa.

Har yanzu mu huɗu ne a mota, mako ɗaya tasa, mako ɗaya tawa. Birki, shoka da ƙafafun mota duka biyun Baba ne ke yi mana, don a nan ba mu ga wanda ya kai shi ba. Inji da giya kuma sai wurin matashin. Littafin yana akwatin gaban tawa, an shiga na biyu. Cikon ƙarshe da na rubuta lita 8.5 ne.